Hannun Alƙali da Makomar Garke: Lacca a kan Gasar Nunin Maruƙan Shanun Nama

 

An nemi in yi magana a kan wata al'ada ta masu kiwon shanun nama a Ingila da Amurka da Birazil da wasu ƙasashe, wato gasar nunin maruƙa. Da yawa daga cikinku kun ga hotunanta a waya: yaro ko yarinya riƙe da ragamar maraƙi, an wanke shi, an taje shi, gashinsa na sheƙi, ga wani dattijo a tsakiyar fili yana ƙare masa kallo. Wanda ya tsaya a hoton zai ce wasa ne na masu hannu da shuni. Ni a wurina wannan fili majalisa ce ta yanke hukunci. Maraƙin da alƙali ya ɗora wa hannu yau, shi kowa zai nema ya hau masa shanu baɗi, kuma bayan shekara goma kamanninsa za ka gani a garkunan ƙasar. Alƙali in ya yi daidai, iri ya gyaru. In ya kauce, dubban masu kiwon da ba su ma halarci wurin ba su za su biya.

Akwai abu biyu da ake yawan haɗawa, ya kamata mu raba su tun yanzu. Na farko gasar shanun yanka ce. A nan fiɗiyayyun maruƙa ake kawowa, waɗanda aka yi wa abin da mu za mu kira kiwon turke. Daga fili sai gwanjo, daga gwanjo sai mayanka. Alƙalin wannan tambayarsa nama da kitse. Na biyu, wanda shi ne maganarmu, gasar iri ce. Kowane iri da filinsa da alƙalinsa: Angus baƙaƙe marasa ƙaho da suka fito daga Sikotlan, Hereford jajaye masu farar fuska, Charolais farare na Faransa, Brahman masu tozo na Amurka. Ba a shigar da dabba sai tana da takardar asali daga ƙungiyar masu wannan iri, kuma lambar da ke takardar ta yi daidai da wadda aka zana a cikin kunnenta. Ana raba su maza daban, mata daban, sannan a sake raba su da watan haihuwa, domin wata uku a rayuwar maraƙi ba ƙaramin tazara ba ce. Dabbar da ke wannan fili ba a kawo ta don a yanka ba. Ana duba ta ne a matsayin uwa ko uban garken gobe, alhali ita kanta ba ta gama girma ba. Nan wahalar alƙalancin take.

Aikin yana farawa ne watanni kafin ranar gasa, galibi bayan yaye, lokacin da maraƙi ke da wata shida zuwa takwas. A sa masa ragama, a ɗaure shi na ɗan lokaci kullum, ana goge masa jiki ana yi masa magana har ya daina fizga. Daga nan a koya masa tafiya a gefen mutum, ba ja ba turjiya, sannan a koya masa tsayuwa. Suna da wata doguwar sanda mai ɗan ƙugiya a baki. Da ita ake taɓa kofato ko bayan ƙafa don maraƙi ya gyara tsayuwarsa, da ita kuma ake sosa masa ciki ya natsu. Wasu har rediyo suke kunnawa a garke don dabba ta saba da hayaniya. Wasu kuma sukan zuba ɗan abin zaƙi a ruwan shanta tun a gida, saboda in an je wani gari ɗanɗanon ruwa ya canja, kada ta ƙi sha ta rame a idon alƙali. Ana gyara kofato makonni kafin tafiya, don in wuƙa ta yi zurfi ciwon ya warke. Sai kuma maganar gashi, wadda a Amurka ta zama sana'a mai zaman kanta: wanka kullum, busarwa da injin iska, aski da almakashin lantarki, har da wani danƙo da ake fesawa a ƙafafu gashi ya miƙe, ƙashi ya yi kamar ya fi kauri. Akwai masu ajiye maruƙa a ɗaki mai sanyi cikin tsananin zafi don kawai gashi ya yi tsawo. Zan dawo kan wannan.

Ranar gasa, masu ja sukan shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana gefen hagu na dabbarsa, suna zagaya fili ta yadda alƙalin da ke tsakiya zai ga kowace sarai. Alƙali na ƙwarai tafiya yake fara dubawa. Yana so ya ga ƙafar baya ta sauka a sawun da ƙafar gaba ta bari, ba tare da ɗingishi ko ja da ƙafa ba, domin bijimin da ƙafafunsa ba su da kyau ba zai bi shanu a makiyaya ba, komai ƙirarsa. Sannan a tsayar da su. Ya duba daga gefe, ko gadon baya a miƙe yake, ko haƙarƙari na da zurfin da ciki zai ɗauki ciyawa. Ya koma baya ya ga faɗin kuturi da cikar cinya. Ya ɗora hannu a kan haƙarƙari da kwankwaso, don yatsu su gaya masa abin da gashi ya ɓoye, ko tsoka ce ko kitse. In karsana ce, yana neman kamannin mace a kai da wuya, da faɗin ƙugu saboda sauƙin haihuwa, da hantsa mai kan nono huɗu daidai wa daida. In ɗan bijimi ne, dole ya duba 'ya'yan maraina, girmansu da daidaituwarsu, domin an daɗe da sanin cewa girman nan yana da alaƙa da yawan maniyyi, har ma da saurin balagar 'ya'yansa mata.

In ya gama, sai ya jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, ya karɓi abin magana ya faɗa wa jama'a dalilinsa: wannan ta fi waccan saboda kaza, waccan kuma da ta fi tafiya mai kyau da ita ce kan gaba. A ganina wannan bayani shi ne abu mafi daraja a duk taron, ya fi kyautar da ake bayarwa. Manomi da ke zaune a benci ya koyi darasi kyauta, shi kuma alƙali ya san cewa ɗaruruwan idanu da suka san shanu suna auna maganarsa. A ƙarshe waɗanda suka ci a kowane rukuni su dawo fili ɗaya, alƙali ya zagaya, ya zagaya, sai ya ɗan mari kuturin wadda ya zaɓa, fili ya ɗauki tafi. A Ingila jan ƙyalle ake ba na ɗaya, a Amurka shuɗi.

Daga ina wannan abu ya samo asali? Daga Ingila, a ƙarni na 18. Wani manomi mai suna Robert Bakewell, wanda ya rasu a 1795, shi ya nuna cewa in ka hana barbara ta barkatai, ka zaɓi wanda zai hau wa, za ka iya sauya ƙirar garke a cikin rayuwarka. Wasu 'yan'uwa biyu, Charles da Robert Colling, suka bi hanyarsa da shanun Shorthorn a arewacin Ingila. Daga garken Charles aka samu wani sa da aka haifa a 1796, wanda ya haura tan ɗaya nesa ba kusa ba, aka yi masa keke na musamman ana yawo da shi gari gari mutane na biyan kuɗi su gani. A 1810 aka sayar da bijiminsa mai suna Comet a kan gini 1,000, wato fam 1,050, kuɗin da ba a taɓa jin an ba da a kan sa ɗaya ba. Har gobe a Birtaniya da gini ake cinikin shanu masu asali a gwanjo, duk da cewa kuɗin ya daɗe da ɓacewa daga aljihun mutane.

To, da zarar sa ɗaya ya kai wannan kuɗi, dole a samu hanyar tabbatar da cewa wannan maraƙi ɗansa ne. Shi ya sa a 1822 George Coates ya fitar da littafin asalin shanun Shorthorn, wanda shi ne irinsa na farko a duniya. Hereford suka samu nasu a 1846, Angus a 1862. A dai 1822 aka fara babban nunin dabbobi na Sikotlan a Edinburgh, wanda har yanzu ake yi duk watan Yuni. Na Ingila ya fara a Oxford a 1839, ya rufe a 2009. A Amurka an buɗe na Shikago a 1900, na Denver a 1906. Ku lura, littafi da fili tare suka taso. Littafi ya faɗi ɗan wane ne, fili ya nuna ko ya gaji uban.

Yanzu ga ɓangaren da nake so ɗalibai su riƙe. Daga shekarun 1930 zuwa 1950, alƙalai a Amurka da Birtaniya suka kamu da son gajerun shanu masu dunƙulallen jiki, masu saurin yin kitse. Dalilin farko mai ma'ana ne, kasuwa tana son ƙananan yankan nama daga dabba mai ƙuruciya. Amma gasa ba ta san iyaka ba. In gajere ya ci bana, baɗi kowa zai zo da wanda ya fi shi gajarta. Aka kai matsayin da zakaran Angus ko Hereford bai wuce ɗamarar mai riƙe da shi ba, masu ɗaukar hoto har tara tattaka suke yi a ƙarƙashin dabba don ƙafafu su ƙara ɓacewa. Abin da ba su sani ba, wasu daga cikin bijiman da suka fi burge alƙalai suna ɗauke da ƙwayar gado ta wadanci a ɓoye. Irin wannan ƙwaya ba ta bayyana sai maraƙi ya gaje ta ta wajen uwa da uba duka. In iyaye biyu suna ɗauke da ita, a ƙiyasi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito wada, mai kumburin ciki, mai numfashi da kyar, wanda ba ya da wani amfani. A shekarun 1950 abin ya zama annoba a garkunan Hereford da Angus. Mutane suka sayar da garkunan da kakanninsu suka gina, aka kai manyan bijimai mayanka, amana ta lalace tsakanin mai sayarwa da mai saye.

Kuna tsammanin an ɗauki darasi? Daga ƙarshen shekarun 1960 sai aka juya gaba ɗaya. Manyan shanun Turai irin su Charolais da Simmental da Chianina na Italiya suka yaɗu a Amurka, alƙalai suka koma son tsawo. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, zakaran gasa ya kusa ɓoye mutumin da ke tsaye a bayansa. Sakamakon shi ne maruƙa masu girman da uwa ba ta iya haihuwarsu sai an ja, da shanu mata masu cin abincin da makiyaya ba ta iya ba su, masu jinkirin ɗaukar ciki. Aka sake shafe shekaru ana komowa tsakiya.

Misali na uku ya fi kusa da mu, domin na shanu masu tozo ne. Birazil ta shigo da shanun Indiya tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma garin Uberaba a jihar Minas Gerais ya zama cibiyarsu. Tun 1935 ake yin babban nunin shanu masu tozo a can, wanda ake kira ExpoZebu. A wani zamani masu kiwo a can suka ɗauka tsawon kunne shi ne shaidar tsarkin jini, har ana auna kunne ana sa wa sa kuɗi da shi. Irin da ake kira Indubrasil, mai kunnuwa har suna reto ƙasa da haɓa, shi ne abin alfahari. Nelore, wanda asalinsa shanun Ongole ne na Indiya, mai gajerun kunnuwa, ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Amma can a daji, inda babu mai tafi, Nelore ce take haihuwa ba taimako, maraƙinta ya miƙe ya kama nono da kansa, ta jure zafi da kaska. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na shanun naman Birazil Nelore ne ko masu jininsa, kuma Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. A 2023 an ƙiyasta wata saniya Nelore mai suna Viatina-19 a kan fiye da dala miliyan 4, saboda ƙwayayen haihuwarta da ake ɗiba ana dasa wa wasu shanu. Abin yabo ga mutanen Uberaba shi ne sun gyara dokokinsu. Yanzu ana ɗora dabba a sikeli kafin ta shiga fili, mace in ta kai wasu watanni sai likita ya tabbatar tana da ciki ko ta haihu, namiji kuma sai an gwada lafiyar haihuwarsa.

Akwai wanda ya dubi duk wannan ya ce shi kam irinsa ba zai shiga gasa ba. Shi ne Farfesa Jan Bonsma na Afirka ta Kudu. Daga 1937, a tashar bincike ta Mara da ke yanki mai zafi da kaska a arewacin ƙasar, ya haɗa shanun gida na Afrikaner da Hereford da Shorthorn, har ya tsaya a kan kashi biyar cikin takwas jinin Afrikaner, uku cikin takwas na Turai. Aka haɗa sunansa da na tashar aka kira irin Bonsmara. Har yau ƙungiyar masu Bonsmara ba ta yarda da karawa a filin gasa. Dole a auna kowane maraƙi a rubuta, sannan masu duba na ƙungiya su zo gona su gani da ido, wanda bai cika sharaɗi ba a cire shi daga littafi. Abin sha'awa, Bonsma kansa ya shahara da kaifin ido. Ya kan dubi ƙirar saniya da gashinta ya faɗi ko mai yawan haihuwa ce. Ido dai bai raina shi ba. Gardamarsa ita ce ido ya nemi abin da ke da aiki a jikin dabba, sikeli kuma ya zama shaida.

Wannan ra'ayi ya yi tasiri ko'ina. A yau maraƙi mai asali a Amurka ana rubuta nauyinsa ranar haihuwa, da na kwana 205, da na shekara guda. A Birtaniya kwana 200 da 400. Ana ɗora na'urar hoton ciki tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13 a auna faɗin tsokar baya da kaurin kitse, dabba na tsaye da ranta. Kwamfuta ta haɗa wannan da bayanan iyaye da dangi, ta fitar da ƙiyasin abin da 'ya'yansa za su gada. A wasu gasanni ana miƙa wa alƙali wannan takarda kafin ya yanke hukunci.

Kada kuma ku fita daga nan kuna cewa lissafi ba ya kuskure. A 2008 aka gano wata cuta ta gado a Angus, inda ake haihuwar maraƙi matacce da murɗaɗɗen ƙashin baya. Da aka bi sawu, sai aka tarar ta yaɗu ne ta hanyar wani shahararren bijimi mai suna Precision 1680, wanda aka yi rububin maniyyinsa saboda kyawun alƙalumansa na nama. Bambancin da zamanin wadanci shi ne, wannan karon cikin watanni aka samar da gwajin jini da ke nuna mai ɗauke da ƙwayar. Amma tushen matsalar ɗaya ne: duniya ta taru a kan uba guda.

Na ce zan dawo kan gashi. Ba na ganin laifin wanke dabba da gyara ta, duk mai kai sa kara yana yin nasa gwargwado. Inda nake ja shi ne idan ado ya koma rufe aibi, ko kiwo ya cutar da dabbar da ake cewa ana ɗaukakawa. An tabbatar cewa karsanar da aka cika wa kitse tun tana ƙarama, kitsen yakan taru a hantsa ya rage mata nono har ƙarshen rayuwarta. Ke nan za ka iya cin gasa da ita, ka kuma lalata uwar da ka je nunawa. A tsakiyar shekarun 1990 an kama masu ba maruƙan gasa haramtaccen magani mai suna clenbuterol don tsoka ta kumbura, har jihar Ohio ta kafa doka a kai a 1995. Babban nunin Houston a jihar Teksas ya magance matsalar gashi da almakashi: maruƙan yanka na yara sai an aske su ƙwal kafin su shiga, kowa ya ga jikin da Allah ya yi.

Da na ambaci yara, bari in faɗi abin da ya fi burge ni a wannan al'ada. A Amurka, ƙungiyoyin matasan karkara irin su 4-H da FFA suna sa yaro ya ɗauki maraƙi guda ya zama nasa. Shi zai tashi da asuba ya ba shi abinci kafin makaranta, ya rubuta abin da ya ci da kuɗin da aka kashe. Akwai ma rukunin da ba dabbar ake dubawa ba, yaron ake dubawa: yadda ya riƙe ragama, yadda ya natsu idan maraƙi ya yi gardama, da amsar da zai bayar in alƙali ya tambaye shi ranar haihuwar dabbar ko abin da take ci. A Houston, a 2022, an sayi zakaran maruƙan yara a kan dala miliyan 1. Yaro yana karɓar wani kaso da aka ƙayyade, sauran ya tafi asusun tallafin karatu. Ƙasar da yawancin mutanenta suka koma birni ta samo hanyar da ɗan manomi zai ji cewa sanin shanu abin tinƙaho ne. Mu da muke da yaran da suka fi waɗancan sanin saniya nesa, me muka yi don su ji haka?

Wannan ya kawo mu gida. Nuna shanu ba baƙon abu ba ne a yankinmu. A Mali, lokacin da garkuna ke tsallake kogin Kwara a Diafarabe bayan watanni a makiyayar Sahel, dattawa sukan duba su, a karrama makiyayin da shanunsa suka fi ƙoshi. UNESCO ta sanya wannan biki cikin al'adun gado na duniya. A Ingal ta Nijar ana haɗuwa duk ƙarshen damina wajen shan gishiri. Muna da irinmu da kowa ya sani: Bunaji farare, waɗanda su suka fi yawa a Nijeriya, Bokolo na ƙasar Sakkwato masu guntun ƙaho da yalwar leɓe, Rahaji jajaye masu dogayen ƙahoni, Azawak, Wadara, Gudalin Adamawa, da Kuri na tafkin Cadi. Muna da tashar Tukunus a Nijar da ta daɗe tana zaɓen Azawak, da cibiyar NAPRI a Shika kusa da Zariya. Littafin asali ma muna da shi, sai dai a ka yake: makiyayi na ƙwarai zai lissafa maka uwar saniya da kakarta da kakar kakarta, da wadda ta yi nono da wadda ta yi ɓari. Dillali a karar Wudil ko Maigatari ko Potiskum zai buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa, ya dafa bayansa ya faɗi abin da mahauci zai samu, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya.

Saboda haka idan hukuma ko wata ƙungiya ta tashi shirya gasar maruƙa a nan, musamman yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, tambayar da zan fara yi ita ce: me alƙali zai ɗora wa hannu? In ƙiba ce, to san turke da aka cika da dusa da harawa da anguryar auduga shi zai ci kullum, kuma layya ta riga ta ba wannan kyautarsa. In girma ne kawai, ruwa-biyu masu jinin Turai za su kwashe komai, makiyayi ya koma gida da tunanin cewa Bunajinsa ba ta da daraja, alhali ita ce za ta yi tafiyar rani ta dawo da ɗa a bayanta. Ruwa-biyu su samu nasu rukuni, kowane irin gida ya samu nasa.

Ciwon garkenmu sananne ne. A kiwon gargajiya karsana takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kusan shekara biyu, alhali a ƙasashen da muka ambata ana so ta haihu tana da shekara biyu, sannan duk shekara. Yawancin wannan tazara yunwa ce da cuta, amma akwai rabon gado a ciki, kuma kowane Arɗo a nan ya san gidan shanun da suka fi saurin ɗaukar ciki. Don haka ni zan so a shigo da maraƙi tare da tarihin uwarsa: tana da shekara nawa, ta haihu sau nawa. Zan so a auna shi sau biyu, ko da da igiyar awon ƙirji ce inda babu sikeli, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya a ƙarshen rani. Da kaka kowace dabba kyakkyawa ce. Wadda ta riƙe jikinta har watan Afrilu ita muke nema. Alƙalai kuma su zama uku a fili ɗaya, makiyayi da mahauci da likitan dabbobi, kuma dole su faɗi dalilinsu da Hausa da Fulatanci a gaban jama'a.

Ba na ɓoye muku cewa akwai cikas. Mutumin da kakansa ya sha jangali ba zai yi saurin yarda a rubuta dabbarsa ba. Wani yana tsoron baki. Wani kuma, musamman a Zamfara da Katsina da makwabtansu, yana da dalili mai ƙarfi na ƙin nuna wa duniya mafi kyawun abin da ya mallaka, domin ɓarayin shanu ma suna zuwa kallo. Ga cuta: tara dabbobi daga garkuna daban-daban hanya ce ta yaɗa boru da ciwon huhu. Birtaniya da kanta ta soke manyan nune-nunenta a 2001 lokacin da boru ya ɓarke, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6. Duk dabbar da za ta shiga fili sai da shaidar rigakafi, in ta koma gida kuma a ware ta na wasu makonni kafin ta shiga garke. A fara ƙarami, a matakin gunduma, inda kowa ya san kowa kuma ba sai an yi doguwar tafiya da maruƙa ba.

Sharaɗi na ƙarshe da zan roƙa ya shafi kyautar. Ɗan bijimin da ya ci gasa a nan, washegari dillalai za su yi masa tayin da mai shi ba zai iya ƙi ba, kafin mako ya zagayo yana cikin tirela zuwa Legas. In haka ta faru, mun tara jama'a ne mun nuna wa wuƙa mafi kyawun jinin da muke da shi. A raba kyautar biyu, rabi ranar gasa, rabi bayan damina biyu, idan mai shi ya dawo da bijimin a raye tare da maruƙan da ya haifa a garkensa da na makwabta. Waɗannan maruƙa su ne za su shiga fili a wannan shekarar, a rubuta sunan ubansu a gefen nasu.

Nan zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi, musamman daga iyayenmu makiyaya.